Furen hamada mai ganye kamar auduga: yaya zan gane shi, kuma zai rayu a Legas?

Maman Biyu, Agege

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman taimakon masu ilimin shuke-shuke. An kawo mini fakitin irin fulawa daga Amurka, a jikinsa an rubuta Baileya multiradiata, a ƙasa kuma desert marigold, da hoton fure rawaya a kan dogon kara. Bayanin fakitin ya ce shukar tana jure fari, ba ta son ruwa da yawa.

Na raba irin biyu. Rabi na shuka a farkon Mayu cikin robar fenti mai lita 4, na huda mata rami uku a ƙasa, na cika ta da baƙar ƙasa irin ta masu sayar da fulawa a bakin titi, na ɗan haɗa da kashin kaji. Robar tana baranda a hawa na biyu, rana tana samun ta daga hantsi zuwa azahar, ruwan sama kuma yana bugowa in ya zo da iska. Bayan mako uku tsirrai 8 suka fito, ganyensu toka-toka da ɗan gashi. Kafin ƙarshen Yuni duk sun kwanta ɗaya bayan ɗaya, gindinsu ya yi baƙi ya sirance kamar zare. Guda ɗaya ta rage, amma ita ganyenta kore ne, tana rarrafe har ta leƙo wajen robar, yanzu ma ta fara fitar da kan fure.

Wannan da ta rage ita ce, ko wata ciyawa ce ta shigo? Me ya kashe sauran? Rabin irin da ya rage yaushe zan shuka shi, kuma a wace irin ƙasa? Sai kuma wannan: maƙwabcinmu na ƙasa yana da tumaki biyu da akuya, in na share baranda ganye yakan faɗa tsakar gida, ko akwai damuwa? Allah ya saka da alheri.

Malamin Gona, Idi-Araba

Wa alaikumus salam Maman Biyu. Bari in ɗauki maganar ganewa tukuna, don in ba a san abin da ke cikin robar ba, shawarar ban ruwa ba za ta yi amfani ba.

Baileya 'yar dangin da masana ke kira Asteraceae ce, dangin su shuwaka, tazargade, latas da sanfulawa da ake matse mai daga irinta. Dangi ne mai yawa, ya haura iri 25,000. Abin da ya haɗa su shi ne, abin da ido ke ɗauka fure ɗaya ba ɗaya ba ne, taron ƙananan furanni ne a zaune kan faifai guda. Ki tsinki kan fure ki tsaga da farce za ki gani. A tsakiya akwai 'yan furanni masu kama da bututu, a gefe kuma, ga wasu 'yan dangin, akwai masu kama da harshe, su ne mutane ke ƙirgawa a matsayin ganyen fure. Shuwaka ba ta da na gefen, duk bututu ne. Baileya tana da duka biyun.

Asalinta hamadar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko ce, wajen Arizona, Nebada, kudancin Kalifoniya da yammacin Tekzas, inda take fitowa a kan yashi, gangaren tsakuwa da gefen titi. An sa mata sunan ne don girmama Jacob Whitman Bailey, wani masanin Amurka da ya rasu a 1857. Ba ta da tsawon rai ko a gida: shekara biyu zuwa 'yan kaɗan, sai dai tana zubar da iri ya maye gurbinta.

Ganye za ki fara dubawa, don shi ke fitowa tun kafin fure. Farin gashi ne ya lulluɓe shi sama da ƙasa kamar an shafa masa auduga, shi ya sa daga nesa yake toka-toka. In kin shafa za ki ji laushi, ba kaushi ba. Wannan gashin shi ke mayar da zafin rana yana rage ruwan da ganye ke fitarwa. Ganyayen suna taruwa ne a gindi, sun kewaye shi kamar faifai, kowanne tsawonsa santimita 3 zuwa 10, a tsattsage gida-gida. 'Yan kaɗan da ke hawa jikin kara ba sa fuskantar juna, ɗaya nan ɗaya can suke. Ki riƙe wannan, don da shi kaɗai za ki fitar da rabin masu kama da ita.

Daga cikin faifan ganyen sai dogayen karare su miƙe tsaye, samansu tsirara ba ganye na tsawon santimita 10 zuwa 30, kowanne da fure ɗaya tak a kai. Faɗin furen santimita 4 zuwa 5. Harsunan gefe suna da yawa, wajen 30 zuwa 50, sun hau kan juna, bakin kowanne da haƙora uku, tsakiyar ma rawaya ce. Alamar da ta fi kowace ƙarfi tana zuwa bayan fure ya tsufa: harsunan ba sa kakkaɓewa, sai su koɗe su sunkuya ƙasa su bushe kamar takarda, suna nan maƙale. Irin kuma ɗan tsawonsa kamar milimita 4, launinsa fari-fari zuwa ruwan ƙasa, da zane-zane a jiki, kuma ba shi da tuntun gashin da iska ke ɗauka.

Tana da 'yan'uwa biyu da ake iya cuɗa irinsu. Baileya pleniradiata ganye yana hawa karanta sosai, wuyan furenta gajere ne, ba ya wuce santimita 12, furen kuma ya fi ƙanƙanta. Baileya pauciradiata harsuna 5 zuwa 7 kawai gare ta, furanninta biyu-biyu uku-uku suke fitowa. Kulawarsu duk ɗaya ce.

Masu ruɗa mutum a nan Legas daban ne. Marigol na masu fulawa, wato Tagetes, suna kawai suka haɗa: ganyensa kore ne mai duhu ba gashi, in kin murza yana da ƙarfin wari, irinsa dogo baƙi kamar tsinke da farin baki. Wedeliya da ake shimfiɗawa a gaban gidaje da tsakiyar titi ganyenta mai sheƙi ne, biyu-biyu suna fuskantar juna, tana rarrafe tana kafa saiwa a kowace gaɓa. Titoniya ta bakin hanya takan fi mutum tsawo, furenta ya kai tafin hannun yaro. Aspiliya ganyenta kaushi kamar sanfefa. Babu ɗaya cikinsu mai farar auduga.

Don haka tsirrai 8 da suka mutu, da ganyensu toka-toka, su ne Baileyarki. Mai koren ganye da ke rarrafe ba ita ba ce. Ki gaya mana ko ganyenta na fuskantar juna, da launin harsunan in furen ya buɗe, da yawansu.

Mai Fulawa na Ikeja

Hajiya, abin da kika bayyana, gindi ya yi baƙi ya sirance tsiro ya kwanta, ruɓewar wuya ce. Ƙwayoyin fumfuna da ke zaune cikin ƙasa, irin su Pythium da Rhizoctonia, su ke cin wuyan tsiro daidai inda ya haɗu da ƙasa, kuma abin da suke so shi ne danshi da ɗumi da rashin iska. Duka ukun sun haɗu a robarki. Irin ba shi da laifi, tunda ya tsira.

Ki duba bambancin wuri. Birnin Finiks na Arizona, a tsakiyar ƙasar wannan shuka, ruwan da yake samu a shekara duka bai cika wuce milimita 200 ba. Legas tana haura milimita 1,500, kuma watan Yuni kaɗai yakan zubar da fiye da na shekarar Finiks. Kin shuka a Mayu, tsirran suka buɗe ido a cikin watan da ya fi kowane ruwa. Ga laimar iska da ke hana ƙasa bushewa, ga gashin ganyen da a hamada kariya ne amma a nan yana riƙe ruwa kamar soso. Baƙar ƙasa da kashin kaji sun ƙara, roba kuma ba ta numfashi.

Lokaci shi ne rabin aikin. Ki ɗauke ta a matsayin shukar rani ta shekara ɗaya. Ki bari ruwan Satumba da Oktoba ya wuce, ki shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Tsiro zai yi ƙuruciyarsa cikin hunturu lokacin da iska ta fi bushewa dare ya fi sanyi, ya samu wata huɗu kafin ruwan Afrilu ya kankama. Kada hutun ruwa na Agusta ya yaudare ki, gajere ne kuma sama a rufe take.

Kafin lokacin, irin da ya rage yana bukatar ajiya mai kyau, don laimar Legas tana kashe iri a cikin fakiti. Ki sa shi a ambulan na takarda, ki sa ambulan cikin kwalba mai murfi da ɗan ƙullin busasshiyar shinkafa ko 'yar jakar nan mai tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ki ajiye a wuri mai sanyi da duhu.

Tukunya ta ƙasa za ki nema, wadda ba a shafa mata fenti ko siminti ba, don jikinta yana fitar da danshi. Zurfinta ya kai santimita 25 zuwa 30, faɗin baki kamar haka, saboda shukar tana da uwar saiwa mai nutsewa ƙasa. Ramin gindi ya kai faɗin babban yatsa, in an samu uku ya fi. A rufe shi da guntun ragar taga don kada yashi ya zube. A ɗora tukunyar kan bulo biyu, rami a tsakaninsu. Faranti a ƙarƙashi kuwa sam.

Haɗin ƙasa, da kwano ɗaya za a auna komai: kwano 2 na yashin gini mai kaushi, kwano 1 na ƙananan tsakuwar dutse masu girman ƙwayar masara, kwano 1 na ƙasar lambu da aka rairaye. Ban da yashin filasta mai laushi, ban da garin dutse, duka biyun suna cushewa su taurare. Ban da kashin kaji ko na shanu. Yashin Legas da yawa daga cikin ruwan lagun ake haƙo shi, yakan zo da gishiri da laka, don haka a zuba shi a bokiti a wanke sau uku har ruwan ya fito garau, a shanya. Kwanon ƙasar lambun kuma a turara shi a tsohuwar tukunya na minti 30 a bar shi ya huce. Wannan yana kashe ƙwayoyin cutar da irin ciyawa, wanda shi ne ya kawo miki baƙuwar da ke robarki yanzu.

Gwajin haɗin mai sauƙi ne. Ki jiƙa ki dunƙula a hannu: in kin buɗe hannu ya wargaje, ya yi, in ya tsaya kamar ƙwallon fura, a ƙara yashi. Bayan an cika tukunya a zuba ledar fiya wata biyu, wato lita 1. Ya kamata ruwan ya nutse nan take ya fara ɗiga ta ƙasa kafin minti ɗaya. A gindin tukunya a fara jera manyan duwatsu kamar yatsa uku kafin a zuba haɗin.

Shukar kanta a tukunyar da za ta zauna ake yi, don uwar saiwar ba ta son dashe. A jiƙa ƙasa, a barbaɗa ƙwaya 10 zuwa 15 a warwatse, a rufe da yashi wanda bai wuce kaurin milimita 5 ba, a danna da tafin hannu. Irin ba ya fitowa tare, wani mako ɗaya wani har mako shida, haka ɗabi'ar shukar hamada take don kada ruwa ɗaya ya yaudare su duka. Za ki iya jiƙa rabin abin da za ki shuka cikin ruwa kwana ɗaya, ki sauya ruwan sau biyu, sauran ki shuka a bushe. A wannan matakin kaɗai ake barin saman ƙasa da ɗan danshi, da abin fesawa, da safe. Da zarar sun yi ganye 4 na gaskiya, a rage su zuwa biyu ko uku a tukunya, da almakashi a yanke daga gindi, kada a tuge, tugewa tana girgiza saiwar na kusa. Sannan a shimfiɗa tsakuwa kaurin yatsa ɗaya a kewaye wuyansu, ganyen ƙasa ya kwanta kan dutse ba kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba.

Rana daga hantsi zuwa azahar ta yi kaɗan. Tana bukatar awa 6 zuwa 8 kai tsaye. In ta rasa, kara zai yi tsawo ya yi laushi ya kife, gashin ganye ya ragu, fure ya ƙi zuwa. In akwai hanyar hawa saman bene, can ne wurinta.

Maman Biyu, Agege

Na gode ƙwarai Malam, na gode Mai Fulawa. Na duba yanzu. Ganyen biyu-biyu ne suna fuskantar juna, gefensu da haƙora, gashinsu yana da kaushi. Furen ya buɗe da safen nan, ƙarami ne bai kai kan yatsa ba, harsuna biyar farare-farare, tsakiya rawaya. Saman benenmu a buɗe yake kuma ana hawa, amma ba rumfa. Ruwan da muke amfani da shi na burtsatse ne.

Baban Rago, Alaba

Hajiya, tambayarki ta ƙarshe ita ce ba a taɓa ba, kuma ba ƙarama ba ce. Baileya guba ce ga tumaki da awaki. A yankin da take fitowa, makiyayan tumaki sun san ta da kisa, musamman lokacin da wata ciyawa ta yi ƙaranci dabba ta koma kanta. Sinadarin da ke cikinta ana kiran sa hymenoxon, kuma kan furen da irin sun fi ganye ƙarfi. Shanu da dawakai ba a cika samun matsalar a wurinsu ba, ƙananan dabbobi ne abin ya fi shafa.

Ganye ɗaya ko biyu da iska ta jefa tsakar gida ba shi ne abin tsoro ba, sai dabba ta ci da yawa ko ta yi ta ci kwana da kwanaki. Amma dabbar da ke ɗaure a gidan Legas, wadda harawa da dusa kawai take gani, duk koren abin da ya faɗo gabanta za ta cinye, kuma lokacin da shukarki za ta yi fure, Fabrairu zuwa Afrilu, shi ne lokacin da ɗanyen ganye ya fi wuya. Don haka furannin da kika yanke da tsirran da kika rage kada su shiga shara ɗaya da ɓawon doya da na ayaba da ake miƙa wa dabbobi. Ki ƙulle su a leda daban. Tukunyar kuma kada ta zauna bakin katanga inda za ta iya faɗowa. Ki sanar da maƙwabcin naku, da yaran gidan da ke ba dabbobin abinci.

Alamun da ake gani a dabbar da ta ci: ta daina cin abinci, ta yi sanyi ta tsaya baya a gantsare, koren yawu ko kumfa a baki, ta ƙi tafiya, wani lokaci jiki na rawa. In an ga haka a kira likitan dabbobi, kada a ɗura mata ruwa ko manja da ƙarfi, don dabbar da ke amai ɗurar takan bi ta huhu.

Mai fata mai saurin ƙaiƙayi ya sa safar hannu in zai taɓa ta da yawa, 'yan wannan dangin da dama suna sa ƙuraje. Kuma kada kowa ya ga ganyenta ya yi kama da tazargade ya ce zai jiƙa ya sha ko ya yi turare da shi.

Hajiyar Obalende

'Yar'uwa, bayanin Mai Fulawa ya yi daidai, sai wuri ɗaya da nake ganin a gyara. Alhaji ka yi haƙuri, jera manyan duwatsu a gindin tukunya ba ya sa ruwa ya fita da sauri. Ruwa ba ya son tsallakawa daga ƙasa mai ƙananan ƙofofi zuwa cikin manyan duwatsu, sai ƙasar da ke samansu ta cika ta tumbatsa tukuna. Kenan jiƙaƙƙen sashen da ya kamata ya zauna can ƙasan tukunya an ɗago shi sama da yatsa uku, kusa da saiwa, kuma an rage wa uwar saiwa zurfin da aka sayi doguwar tukunya dominsa. Tsakuwa a cikin haɗin take aiki, daga sama har ƙasa iri ɗaya. Ragar taga a kan rami ta wadatar.

Ban ruwa bayan sun kafu shi ne inda aka fi yin kuskure. Kada ki bi kalanda. Ki soka tsinken tsire har ƙasan tukunya, ki bar shi minti biyu ki zare. In ya fito da sanyi ko ƙasa ta manne masa, ki ƙyale. In ya fito a bushe, ki ba da ruwa sosai har ya ɗiga ta ƙasa, wajen lita 1 ga tukunyar da aka faɗa, sannan ki manta da ita. A cikin hunturu hakan yakan zo duk kwana 5 zuwa 7, a saman bene mai iska yana iya fin haka sauri. Da safe ake bayarwa, a bakin tukunya, ba a kan ganye ba, ba kuma cikin zuciyar faifan ba. Ruwan da ya kwana a cikin gashin nan shi ne farkon ruɓa.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, shukar da saiwarta ta ruɓe tana yin yaushi daidai da mai ƙishi, sai a ƙara mata ruwa a ƙarasa ta. Ga yadda ake bambancewa: mai ƙishi ƙasarta a bushe take, in an ba ta ruwa da safe kafin la'asar ta miƙe. Mai ruɓa ƙasarta da danshi, ganyen ƙasa sun yi rawaya sun yi laɓo-laɓo, in kin matsa wuyanta da yatsa biyu za ki ji ya yi taushi, wani lokaci da wari. Wannan ba ta dawowa. A cire ta da ƙasar da ke kewaye da ita don a ceci na kusa.

Ruwan burtsatse na Agege ba laifi. Masu zama ɓangaren Lekki da Aja, inda ruwan ƙasa kan zo da gishiri, su ne za su ga farin ɓawo a bakin tukunya da ƙonewar bakin ganye; su gara su tari ruwan sama su ajiye. Taki kuwa ba ta bukata. In ganye ya koɗe ƙwarai bayan wata biyu, ƙwaya 5 ko 6 na NPK 15-15-15 a bakin tukunya sau ɗaya ya isa. Yuriya tana sa ganye ya yi kore ya yi laushi, fure ya ragu, ƙwari su taru.

Ƙwarin da za ki sa wa ido su ne darɓa a kan sababbin karare, da farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye. Shi wannan na biyun yana da wuyar gani a jikin Baileya, don launinsu ɗaya. Tururuwa ce za ta tona shi: in kin ga tana hawa tana sauka, ki bi sawunta. A tsoma auduga a sifirit a goge su ɗaya-ɗaya. Feshin ruwan sabulu ko na darbejiya yana aiki, amma yana jiƙa gashin, don haka sai da sassafe a ranar da za a yi rana. Dodon koɗi ma yana cin tsirrai da dare, bulon da aka ɗora tukunya a kai yana rage shi.

In fure ya fara, ki riƙa yanke waɗanda suka tsufa daga gindin kara, sababbi za su yi ta zuwa. Amma tun a farko ki ware kawuna 4 ko 5 ki bar su don iri, kada ki jira na ƙarshe, ruwa zai riga ki. Idan harsunan sun zama takarda, tsakiya ta yi ruwan ƙasa, kin murza ƙwayoyi sun zubo da kansu, ya nuna. Ki shanya a inuwa kan takarda mako ɗaya, ki ajiye yadda Alhaji ya faɗa. Ƙwayoyin da suka cika suka yi tauri su ne masu rai, shafaffun ƙaiƙayi ne.

Tunda samanku ba rumfa, daga ƙarshen Maris ki tanadi falle ɗaya na kwanon rufi na roba mai barin haske ya wuce, a kafa shi kamar mita ɗaya sama da tukunyar, gefuna huɗu a buɗe. Kada a lulluɓe ta da leda, gumin da zai taru ciki ya fi ruwan sama illa. Ko da rumfar, laimar Yuni da Yuli takan ci ta, shi ya sa irin da kika tara ya fi uwar muhimmanci. Masu shuka fulawar kariya a tukunya sun san wannan kulawar, sai dai kariya ta fi haƙuri da damina nesa ba kusa ba.

Mai Fulawa na Ikeja

Gaskiyarki Hajiya, na karɓi gyara kan duwatsun. A bar su, a cika tukunyar da haɗi ɗaya.

Malamin Gona, Idi-Araba

Maman Biyu, da wannan bayanin naki magana ta fito. Ganye biyu-biyu masu kaushi, jiki mai rarrafe, harsuna biyar farare da tsakiya rawaya: Tridax procumbens ce, ciyawar nan da ke fitowa a tsagar siminti da bakin kwata, wadda masu kiwon zomo ke yanka. 'Yar dangin ce ita ma, asalinta ƙasashen Amurka masu zafi, kuma irinta yana da tuntun gashi da iska ke ɗauka, don haka ko dai cikin baƙar ƙasar ya zo ko iska ta kawo shi baranda. Ki tuge ta kafin kan ya bushe ya yi fari, in ba haka ba za ta cika miki sauran tukwane. Ƙasar robar kuma kada ki sake shuka iri a cikinta, cutar tana nan. Robar in za ki yi wani amfani da ita, ki wanke da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9.

Abu biyu zan ƙara. Na farko, duk wanda zai sake sa a kawo masa iri daga waje ya sani hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, ita ke ba da izinin shigo da iri da tsirrai, kuma akwai dalili. Titoniya da ciyawar da mutanen nan ke kira Akintola, wato Chromolaena odorata, duka 'yan wannan dangin ne daga nahiyar Amurka, yau sun mamaye gonaki da bakin hanya a kudu. Baileya da wuya ta yi haka a Legas tunda damina na kashe ta, amma arewa mai yashi da ƙarancin ruwa wani zance ne, ga kuma tumaki da awaki a sake. Kada a ɗauki irinta a kai gida a watsa a fili ko a gona.

Na biyu, don kada saman benen ya zauna ba fure lokacin damina, akwai 'yan dangin da ke jure rana kuma ba sa tsoron laima. Cosmos sulphureus mai rawaya da ruwan lemo yana fure cikin wata biyu daga shuka. Melampodium divaricatum gajere ne mai ƙananan furanni rawaya, yana yi cikin ruwa da zafi. Zinnia angustifolia mai siririn ganye ta fi babbar ziniya jure farar fumfunar ganye. Su ukun za su zauna a haɗin da aka ba ki in kin mayar da ƙasar lambu kwano 2 maimakon 1. Ki shuka su a Afrilu, ki kwashe su a ƙarshen Oktoba, amma tukunyar Baileya ki ware ta daban da ƙasarta sabuwa, kuma a saman benen ki ajiye ta nesa da inda ake shanya, don ɗigar wanki a kan ganyenta daidai take da ruwan sama.